Yadda Aka Tura Sule Sikirit Aiki Tenhya

Duk mai lissafin manyan mutanen da Damargu ta haifa, in ya tsallake Mushe Barmo, wato Malam Barmo a bakin masu Faransanci, to sai ya sake lissafi. Shi ne mutum na farko a Tanut da ya taɓa kwamfuta da yatsansa, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya je Yamai ya yi ɗan kwas, ya dawo da tabarau marar magani da jerin alƙaluma a aljihun gaba. Mahauta na kiransa Injiniya, 'yan tasha na kiransa Limamin Lantarki. Duka yana amsawa, don shi bai ga abin dariya a cikin gaskiya ba.

A shekarar 1987 wani shirin taimako ya buɗe Cibiyar Ƙidayar Rijiyoyi da Rumbuna a bayan kasuwar raƙuma. Aka kawo kwamfuta da injin wuta, da wani Bature ɗan Beljik da ya haɗa su. Bazara na shigowa Bature ya tattara ya gudu. Kujerar darakta ta zauna babu kowa, aka ba Barmo riƙon ƙwarya, aka ce bayan girbi sufeto zai zo daga Yamai ya naɗa wanda ya dace. Barmo ya ɗinka kwat tun kafin a yi shuka. Matarsa Lantana kuwa ta fara amsa Madam Darakta a gidajen suna.

Aikin da Bature ya bar masa ba mai kashe mutum ba ne. A cikin injin akwai cibiyar tsarin da ke tafiyar da komai. Ita kuma tana dogara da wasu ƙananan fayiloli da ke gaya wa sassanta sunan kowane abu da lambarsa, don kada sashen bugawa ya ɗauki abin sashen ajiya. Ba hannu ke rubuta waɗannan fayiloli ba. Akwai wani ɗan gajeren umarni, sikirit ake ce masa, shi ke sake rubuta su daga farko duk lokacin da aka canza wani abu. Na Barmo kawai ya kula da sikirit, ya danna maɓalli, ya sha shayi.

Wata safiya ya buɗe ɗaya daga cikin fayilolin ya ga abin kunya. A samansa an rubuta cewa inji ne ya yi shi, kada kowa ya gyara da hannu. Babu sunan shugaba, babu muƙami. Ya kira Zalika, sakatariyar ofis, ta zo ta zama shaida.

"Madam Zalika, tun da nake sarwis ɗin gwamnati ban taɓa ganin takardar biro, ofis nake nufi, ta fita babu sunan shef a sama ba. Ko takardar sayen tsintsiya. Kuma wai kowa! Ni ne kowa?"

Ya zauna ya buga da yatsa ɗaya: Barmo Maigari, Shugaban Riƙo, Mai Kula da Cibiyar Tsari. Ya danna maɓalli. Sikirit ya tashi ya yi aikinsa, ya share fayil, ya rubuta sabo. Sunan ya tafi.

Barmo ya sake rubutawa da manyan baƙaƙe. Ya tafi. Ya ƙara da sunan kakansa. Ya tafi har da kakan. Wani mai ƙaramin tunani da sai ya ce inji ne. Barmo ya fi ƙarfin wannan, ya gane tawaye da ya gan shi.

Ya sa Zalika ta buga wa sikirit takardar neman bayani, aka manna ta a jikin allon kwamfuta. Sikirit bai amsa ba. Aka ba shi gargaɗi, aka aika kwafi Yamai. Barmo ya zayyana laifukansa dalla-dalla: ba ya kallon fuskar kowa, ba ya jin roƙo, abin da ya yi jiya shi zai yi yau, bai taɓa neman hutu ba, kuma bai taɓa zuwa gidan shugabansa gaisuwar Juma'a ba.

Da abin ya ishe shi sai ya yanke hukuncin da duk shugaba na gari ke yankewa: sauyin wurin aiki zuwa daji. Nan Zalika ta kawo cikas.

"Mushe Shef, ba a yi wa wanda ba ma'aikaci ba afektasiyo."

"To, a ɗauke shi aiki tukuna, sannan a kore shi Tenhya."

"Sunansa fa?"

"Sa Sule."

"Shekarar haihuwa? Bature ya ce shekararsa biyu."

"Kina so a ce ina faɗa da jariri? Sa wajajen 1950."

Haka Sule Sikirit ya shiga aikin gwamnati da hatimi da sa hannun Barmo. Aka kwafe shi a kan disket, aka goge shi daga injin, aka ɗora shi a gaban motar ɗaukar gero da takardarsa. Barmo ya tsaya a bakin ƙofa har motar ta ɓace, hannu a baya.

Daga ranar shi ke rubuta fayilolin da kansa. Sunansa ya zauna daram a saman kowanne, wani ma sama da ƙasa. Lambobin ne dai ba su samu irin wannan kulawa ba. In aka ce injin ya ajiye, sai ya buga. In aka ce ya buga, sai ya yi ƙugi ya mutu. Rijiyoyin Tarka suka koma rumbuna, wani rumbu a Falanko ya fito da zurfin gaba arba'in. Barmo ya tara ma'aikata ya yi musu bayani:

"Duk sabon mulki sai ya zo da ɗan girgiza. Injin na koyon ladabi ne."

Aka yi girbi, sufeto ya iso. Dattijo ne marar dariya, wanda ya yarda da takarda fiye da idonsa. Barmo ya tarbe shi cikin kwat, gumi na bin wuyansa, ya yi jawabi kan makomar Damargu a zamanin lantarki. Sannan ya danna maɓalli. Allon ya nuna sunansa, ya ɗan yi tunani, ya yi baƙi.

"Yaushe rabonsa da aiki?" in ji sufeto.

"Tun da na kori mai zagon ƙasa, ranka ya daɗe. Ga dosiyensa, duk takardunsa na ciki."

Sufeto ya karanta a tsanake. Ba ya kallon fuskar kowa. Ba ya jin roƙo. Bai taɓa neman hutu ba. A zamanin soja ake, lokacin da ake neman irin wannan ma'aikaci ruwa a jallo. Ya ce a zo masa da Sule.

Idrisa, shugaban ƙaramin ofishin Tenhya, shi ya rako shi da kansa. Mutum ne mai bin doka. Tun da takarda ta ce ma'aikaci ne, ya ba shi ɗaki da tabarma, ya ɗora shi a kan kujera kullum da safe. Makiyaya har cuku suke kawo masa na maraba, Idrisa na cinyewa a madadinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Idrisa, "ban taɓa zama da mutum mai kamun kai irinsa ba. Ba makara, ba gulma, ba cin goro a biro."

Sufeto ya dubi disket ɗin da ke kwance cikin farin ƙyalle. Ya dubi takardu. Suna ya cika, shekaru sun kai, hatimi na nan. Ya umarci Barmo ya mayar da abokin aikinsa bakin aiki. Barmo ya tura shi cikin injin. Kafin shayi ya huce rijiyoyi sun koma rijiyoyi.

"Wa ya rubuta wannan shaida mai kyau a kansa?" in ji sufeto.

"Ni ne, ranka ya daɗe, amma ai ƙara ce."

"Shugaban da ya yaba wa na ƙasa da shi haka, ya cancanci zama mataimakinsa."

Da la'asar aka naɗa Sule Sikirit darakta. Lantana ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Mutanen Tanut ba sa wasa da gaisuwar sabon shugaba. Washegari mahauta, 'yan tasha, dillalan raƙuma, duk suka yi layi a ƙofar Cibiyar. Kowa ya cire takalmi, ya durƙusa gaban injin, ya yi masa fatan gamawa lafiya. Sabon darakta, kamar yadda ya saba, bai ce uffan ba. Kuma ba a barin gaisuwa ta faɗi ƙasa a gaban babban mutum. Dole wani ya amsa.

Barmo na nan tsaye a gefen kujerar, cikin kwat, tabarau a hanci, murya ƙasa-ƙasa.

"Darakta ya gaishe ka. Na gaba."