Yadda Za Ka Tayar da Ƙaramar Kwamfuta da Kayan Matarka Ba Tare da An Kama Ka Ba

Kai mai sha'awar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ake sayar da ita tsirara, ba murfi ba allo, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki za ka tayar da ita da kayan da ke cikin gidanka, kuma ba mai nuna ka da yatsa. An gwada, ya yi. Wanda ya gwada shi ne mijin yayata, malamin kimiyya, wanda muke kira Injiniya tun ranar da ya kwance fankar falo ya mayar, kusoshi suka yi saura.

Mataki na 1: Yi ta maimaita cewa araha ce

Da ka shigo gida, ɗaga ta sama kowa ya gani. Haka Injiniya ya yi.

"Wannan ce kwamfutar?" in ji Yaya. "Na ɗauka hanjin rediyon wani ne ya zubo."

"Cikakkiya ce, maman yara. Da ita zan koya wa 'yan ajina. Kuma kusan kyauta ce."

Kada ka ambaci cewa ba ta da allo, ba kibod, ba caja, ba wurin ajiya. Ba a tambaye ka ba.

Mataki na 2: Kalli gidanka da idon mai sayayya

Talabijin ɗin falo allo ne mai kyau. Cire shi lokacin da yara suke makaranta, in sun dawo ka ce musu kallo yana kashe ido. Cajar uwargida ta fi taka ƙarfi, saboda haka taka ce. Kalmar "ɗauka" kuma kada ta fito daga bakinka. Ka ce "gwaji". Mutane suna jin nauyin hana mai gwaji.

Mataki na 3: Nemo memori

Kwamfutar nan ba ta san ko sunanta ba sai an sa mata memori, ɗan katin nan mai kamar farce da ake sa wa waya. Shago yana da nisa, rana tana da zafi, kai kuma zumuɗi yana cin ka. Buɗe durowa.

A durowar Yaya akwai tsohuwar waya naɗe cikin ɗankwali. A memorinta muryar Innarmu take, Allah ya jiƙanta. Yaya ce ta riƙa ɗauka lokacin jinya: Inna tana kiran jikoki, Inna tana dariya har tari ya sarƙe ta, Inna tana yi wa Injiniya tatas kan rediyonta da ya buɗe bai rufe ba. Ba a kwafa a ko'ina ba, kullum sai mu ce za a yi. In kewa ta ishi Yaya takan rufe ƙofa ta saurara.

Injiniya ya san da haka sarai. Amma ya ce wa kansa aro ne, akwai fili a ciki, zai ajiye nasa a gefe. Kai ma faɗa wa kanka haka, yana kwantar da hankali ƙwarai.

Mataki na 4: Danna "eh"

Sa memorin a kwamfutar makaranta don zuba masa manhajar da za ta tayar da 'yar taka. Wani ɗan akwati zai fito da rubutu, har da jar alama. Kada ka karanta. Mai ilimi irinka ya wuce karanta ɗan akwati. Abin da yake cewa kawai shi ne duk abin da ke cikin memorin zai goge, za a rubuta sabo a kai. Injiniya ya danna yana fito.

Mataki na 5: Kunna fitila, ka kira jama'a

Haɗa ɗan ƙwan fitila mai kamar ƙwayar wake da wayoyi biyu, ka kwafi umarni daga littafi. Za ta ƙi. Juya ƙafafun ƙwan. Za ta kama, ta mutu, ta kama.

Injiniya ya yi tsalle har ya buge gwiwa da tebur. Ya kira yara, ya kira maƙwabci, ya kira ni. Gaskiya na taya shi murna, don ban taɓa ganin ya haɗa abu ya tashi ba hayaƙi ba.

"Shi ke nan aikinta?" in ji Yaya. "Talabijin ɗina ya tafi don fitila ta riƙa ƙifta mini ido?"

Bayan an watse ne ya leƙa memorin don ya ga nasa da na Inna zaune gefe da gefe. Ya duba sama, ya duba ƙasa. Nasa kaɗai ya gani. Gumi ya karyo masa, ga fanka tana juyawa.

Mataki na 6: Yanzu je shagon

Za ka ga ashe ba shi da nisa. Sayo sabon memori iri ɗaya, ka zura a tsohuwar wayar, ka naɗe ta yadda ka same ta. Waya ce tsohuwa, kowa ya san tsofaffin wayoyi da ɓatar da abu. Daga nan sai jira.

Mataki na 7: Rufe bakinka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma a nan gwaninmu ya ba ni kunya.

Ina gidan ranar da Yaya ta fito daga ɗaki da wayar a hannu, idonta jawur. Ba ta ko kalli mijinta ba. Gabana ta zo ta zauna.

"Auta, ka yafe mini. Na goge Inna. Ban san inda hannuna ya taɓa ba."

Ka gani? Aiki ya yi kyau. Ba zargi, ba bincike, mai kayan da kanta ta ɗauki laifin. Abin da ya rage wa Injiniya shi ne ya ce "sai haƙuri" ya kawo ruwa. Ya ma buɗe baki zai faɗa. Sai ta juya gare shi ta ce, "Kullum kana ce mini in ba ka ka kwafa, Malam, ban ji ba."

Ya tashi, ya ɗauko kwamfutar da wayoyinta suna reto, ya ajiye a gabanta, ya jona ta da wuta, fitilar ta shiga ƙiftawa.

"Ba ke ba ce. Ni ne. Memorinki ga shi nan ciki."

Ta daɗe tana kallon fitilar. "Inna tana ciki?"

"Ba ta ciki."

"To me ke ciki?"

"Umarnin da ke ce wa fitilar ta kama, ta mutu."

Ba ta yi ihu ba, kuma na san da ta yi ihun da ya fi masa sauƙi. Ta sa farce ta zare memorin, fitilar ta tsaya. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta ta koma ɗaki. 'Yan ajinsa kuwa a kan allo da alli suka ga kwamfutar, an ce zanen ya yi kyau.

Wanke hannu

Mai wannan jagora ba shi da alhakin talabijin da ya ƙi komawa bango, ko cajar da ta ƙone, ko uwargidan da za ta yi ta aiko maka da saƙo ta bakin yara alhali kuna falo ɗaya. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, shi ya danna "eh", ba ni ba. Wanda kuma ya rasa wani abu a hanya, kada ya zo wurina nema. Ni ma kwanan nan in na rufe ido don in ji yadda Inna take kiran "Auta", sai in ji kamar muryar Yaya ce.