Gwabar Tabawa a Gaban Hukuma

A wani daji da ke bakin fadama an yi wata bushiya, Tabawa, wadda gwabarta ta yi suna har Shamuwa ta yi alkawarin kai mata ita kasuwar ƙetaren teku idan za ta tashi da kaka. Sharaɗinta ɗaya ne: mutanen can ba sa sayen gwaba mai tsutsa. Tabawa ta yini tana rawa, har maƙwabta suka riƙa kauce wa ƙayoyinta.

Da majalisar daji ta ji labari, sai ta ce wannan magana ce ta mutuncin daji, ta kafa hukumar tantance kaya. Biri aka ba ɗanɗano, shugabanci kuwa aka ba Tsutsa.

Tabawa ta durƙusa gaban Dila, kakakin majalisa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba tsutsar ake gudu ba?"

Dila ya ce, "Da ɗan gari akan ci gari, Tabawa. Duk dajin nan wa ya san maɓoyar tsutsa kamarsa? Ki gode Allah da aka samo miki gwani."

Ranar tantancewa Biri ya gatsi kowace gwaba, wadda ta yi masa zaƙi kuwa sai ya cinye ta don ya tabbatar. Shi ko Tsutsa ya bi ragowar ɗaya bayan ɗaya, ya huda ya shiga, ya fito yana share baki.

"Na zaga ko'ina," in ji shi, "ban tarar da kowa ba sai ni. Amma hanya da nisa, don haka na bar ɗan'uwana a cikin kowace, kada baƙo ya shiga."

Da hantsi Shamuwa ta sauka, ta tsaga guda da baki. Wani farin kai ya leƙo ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An tantance."

Shamuwa ta dube shi, ta haɗiye shi, ta tashi ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Tabawa ta zauna gaban tulin, ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai ta yi duka biyun.

Majalisa ta yi zaman gaggawa, ta gano cewa ƙarancin ma'aikata ne ya jawo asarar, ta ƙara wa Tsutsa girma. Dila ya yi shela cewa daga yau ba gwabar da za ta bar dajin sai da jami'i a cikinta.

Har yanzu kuwa ba a taɓa karya wannan doka ba.