Cindo da Ɗaki Mai Taya

A Tungar Gawo akwai wani gida na mutum uku: Inna Tasalla, da babban ɗanta Mantau mai yawon cin kasuwanni da tsohuwar a-kori-kura, sai autanta Cindo. Cindo ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum hannunsa ƙaiƙayin aiki yake yi. Matsalarsa guda ce: yadda magana ta shiga kunnensa, haka take fita ta hannunsa.

Da Mantau ya gaji da kwana a rumfunan kasuwa, sai ya sa wani mai walda ya ƙera masa ɗaki mai taya, wanda mota za ta riƙa ja. Fenti kam ya sha, kore shar. Amma ko tari ka yi kusa da shi sai ya girgiza.

Wata rana aka yi ruwa, ɗakin ya yi yoyo kamar rariya. Mantau ya ce, "Cindo, narka kwalta, duk inda ka ga huda ka toshe." Cindo ya toshe rufi, ya toshe kafar makulli. Ya zagaya, ya sake zagayawa, hankalinsa bai kwanta ba sai da ya cika bakin salansar mota. Da safe ƙofa ta ƙi buɗuwa, mota ta ƙi tashi.

"Yaya, ko ɗigo bai shiga ba," in ji Cindo.

Wata rana taya ɗaya ta sace. Mantau ya kwance ta ya ce, "Maza kai ta ta sha iska." Cindo ya gara ta cikin gari, ya bi da ita bayan makaranta, ya zauna da ita a inuwa. Sai la'asar ya dawo, Mantau ya rasa kasuwar ranar.

"Gidan wa ka shiga?"

"Har bakin rafi na kai ta, Yaya. Ta sha sosai, cikin ne dai bai tashi ba."

Wata rana Inna ta tashi da ƙafa a kumbure, dole a kai ta asibiti a birni. Hanyar kuwa gangare ce har gadar rafi. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin, Mantau ya maƙala shi a bayan mota, ya jefa wa Cindo sarƙa.

"Ƙara masa da wannan. Ɗaure shi tamau, kada ya motsa."

Cindo ya duba ko'ina, bai ga abin da ya kai tsamiyar ƙofar gida tsayuwa ba. Ya ɗaure ɗakin a jikinta.

Mantau ya ba mota wuta. Ƙas! Ƙarfen da ya haɗa ɗakin da mota ya ɓalle, mota ta yi gaba ita kaɗai. Mantau ya fito yana huci, hannu a ɗage. Sai idonsa ya faɗa kan karayar: ruɓaɓɓen bututu ne mai kaurin gwangwani, fenti kawai ya rufa masa asiri. Ya dubi gangaren, ya hango gadar. Ya zauna a ƙasa daɓas.

Inna ta leƙo ta taga. "Har mun iso?"

"Bai motsa ba, Yaya," in ji Cindo. "Ko in kwance?"

Mantau ya tashi ya sungumi Inna, ya zaunar da ita a gidan gaba.

"Kada ka soma," ya ce. "A nan zai tsufa."

Har yau ɗakin yana ɗaure a jikin tsamiya, kaji ke ƙwai a ciki.