Rasuwar Hajiya Kwanci, Akwatin Ɗumin Ɗakin Bincikenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Mashkura Ɗanmaliki, 'yar Ruwan Bago ta ƙasar Rogo, nake sanar da rasuwar Hajiya Kwanci, akwatin ɗumin ɗakin bincikenmu, bayan gajeriyar jinyar da ba wanda ya shaida.

Marigayiyar ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki ɗaya tak: riƙe ɗumin jikin ɗan Adam, kamar kaza a kan ƙwai. A cikinta muke rainon ƙwayoyin halittar da muka gogo daga hanyar numfashin masu ciwon huhu, har su bazu a faranti, su fitar da majina da 'yan gashi masu kaɗawa, mu gwada magani a kansu. Ba ta da surutu sai "zuuu" ɗinta. Amma ka bar ƙofarta a buɗe, sai ta kama "fit-fit-fit" har a zo a ba ta haƙuri.

Cikin amanar da take riƙe akwai faranti shida na mahaifiyata Barira, wadda hayaƙin murhu ya cinye wa huhu. Ranar da aka gogi hancinta cewa ta yi, "Ɗebi, 'yar nan. Ko ni ban amfana ba, Ramatu ta amfana." Iya Ramatu ƙanwarta ce, tarinsu iri ɗaya. Inna Barira ta rasu da damina, amma a ƙarƙashin madubin bincike gashin nan nata bai daina kaɗawa ba. Kullum da safe sai na leƙa na gaishe ta.

Ban taɓa barin Hajiya kwana biyu ba sai da na tafi gida sadakar arba'in ɗin Inna. Ranar Juma'ar da na tafi Hajiya ta ɓaci. Na san ta yi ta kira, ba kowa. Na dawo Lahadi na taɓa ta, sanyi ƙalau. Na leƙa madubi, babu abin da ke motsi. Wallahi na ji haushinta, na fi jin haushin kaina.

Ta rasu ta bar firij mai gurnani, da littafin sakamakon da ko rabi bai kai ba, da Iya Ramatu, wadda har jiya take tambayata ko an dace da maganin.

Gangar jikinta 'yan gwangwan za su ɗauka ranar Talata. Farantan kuwa, Malam Abdulmumini, limaminmu, ya ce abin da ya fito daga jikin mutum ba a zuba shi a shara. Za a binne su a Ruwan Bago ranar Laraba bayan la'asar, kusa da kabarin mai su. Ba za a yi zaman makoki ba, mun riga mun yi na Inna sau ɗaya.