Zuriya Tara da Ɗana a Gindin Mangwaro

Gargaɗi ga duk uwar da takardar nan ta shiga hannunta: in kina da ɗa mai karanta jarida, ki riga shi, ki naɗe kifi da shafin tattalin arziki.

Zuwa ga Masu Girma Shehunan Malamai na Cibiyar Auna Arzikin Zuriya, Bogota.

Bayan gaisuwa irin ta mai takardar sakandare ga masu digiri uku-uku, ina taya ku murnar gano cewa gidan talaka sai ya yi zuriya tara kafin ya kai rufin asiri. Ɗana Nicanor, mai shekara talatin da ɗaya, ya karanta. Ya ƙirgo daga kakan kakansa masunci, ya tarar shi ne na biyar. A ranar ya bar aikinsa na gyaran babur, ya ɗaura ragar kwanciya a gindin mangwaro. Yau wata biyu. Ga ƙorafe-ƙorafena.

Na ɗaya. Na ce ya tashi, ya ce, "Mama, layi bai zo kaina ba, masana ne suka faɗa." Ni da na haife shi, ashe ban kai masaniya ba?

Na biyu. Yarinyar da kuka turo da tambayoyi makon jiya ta ci wainar masarar da nake sayarwa guda uku, ta kora da kofi, sannan ta rubuta cewa ba na aiki, don ba ni da shago. Wainar daga sama ta faɗo? Shi kuwa na cikin raga, ta ce ba ya cikin marasa aikin yi, tunda ba ya nema. Madalla da ilimi.

Na uku. Yanzu ya ce abin da ya rage masa shi ne samar da zuriya ta shida. Daga kwance yake aika wa Yuleidis 'yar maƙwabta gaisuwa, har ya cike wa 'ya'yan da ba a haifa ba takardar tallafin gwamnati. Sauran zuriya huɗun, ni zan soya musu waina?

Don Evaristo, mai garejin da Nicanor ke aiki, ya ce ran Litinin zai ba wani gurbin ɗana. Ina roƙon alfarma ku rage lissafin zuwa biyar, ku buga kafin Lahadi. Ba wanda zai ƙirga bayanku.

Taku mai biyayya har zuriya ta tara,
Eufrosina Támara, Sincelejo.

Kafin amsarku ta iso, na liƙa doka a ƙofar kicin: wanda ya fita aiki, yau zai ci. Wanda ke jiran zuriya ta tara, abincinsa na wajenta.