Kunnen 'Yan Aji Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da zangon da aka kawo Malama Saratu firamarenmu a Gummi ba. Na daɗe ina koyar da Hausa a aji huɗu, ina magana yara na sha'anin gabansu. Ita kuwa daga zuwanta ajinta ya yi tsit. Tatsuniya take ɗaukowa, ta tsaya a tsakiya, ta ce wani ya maimaita abin da ya ji. Hedimasta ba shi da zance sai nata. Kishi ya ci ni ƙwarai (ƙato da gemu, ina ƙyashin tatsuniyar gizo).

Ana haka aka ce sufeto zai zo ya zaɓi malami ɗaya a tura shi kwas Gusau kan koyar da sauraro. Na rantse kujerar nan tawa ce. Na laɓe a bayan tagarta na kwashe dabarar, na ƙara da nawa gishirin. Na ce wa yara, "Duk abin da yah hito bakina, ku riƙe shi kamar hadda." Na sha'afa yawancinsu 'ya'yan malaman allo ne, da kunne suke ɗaukar karatu.

Ana gobe sufeto zai zo, malamin lissafi ya leƙo ƙofar ajina, na amayar masa da abin da ke cikina a gaban yara.

Ranar, a ajina, ga sufeto, ga hedimasta, ga Malama Saratu a bencin baya. Sufeto ya ce, "Wa ka iya gaya mini abin da malam yac ce jiya?"

A'i, ɗiyar liman, ta miƙe ta harɗe hannu, ta ɗauko da muryar tilawa: "Malam yac ce, 'Wagga Saratu mi ta iya? Tatsuniyar Inna ta, sai iyayi. Shi ko hedimasta, ko tari ta yi sai shi ce karatu na.'" Har tsakin da na ja a ƙarshe ta ja. Ajin ya amsa baki ɗaya, "Haka yac ce."

(Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne.)

Sufeto ya gyara tabarau ya ce, "Sauraro kam sun iya."

Malama Saratu ta tafi Gusau. Da ta dawo ta aiko mini da tsarabar dabino, kuma a hannun A'i. Na karɓa na ci. Tun ranar na gane, kafin ka buɗe kunnen ɗiyar liman, fara ɗinke bakinka.