Darakta da Kiɗan Bunsuru Mai Babur

Kai jama'a, Allah ya yi mana baiwa a layinmu, wallahi ya yi mana! Wasu layukan likita gare su, wasu lauya, wasu ɗan ƙwallo, mu kuwa Darakta gare mu. Ba mu muka sa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, kuma in ka kira shi da sunansa na yanka ba zai waiwayo ba ko rigarsa ce ta kama da wuta. A bayan idonsa muna ce masa Kunnen Zinare, matan layi kuma Na-Wuya suke ce masa, saboda ƙatuwar abar jin sautin nan da ke rataye a wuyansa kullum. Da ita yake zuwa sayen burodi. Da ita ya je gaisuwar mutuwa. Wayarta tana shiga aljihu, an kuma taɓa hango bakinta, ba a jone take da komai ba, amma ai babban mutum ba sai ya jona ba, kiɗan a cikin kansa yake.

To mene ne aikin wannan bawan Allah? Ku tsaya ku ji. Kun san tsofaffin gem ɗin nan na wasa a talabijin masu kaset, waɗanda sai an hura musu iska da baki kafin su tashi? To kiɗan cikinsu Darakta yake tayarwa daga kabari. Ranar da mai aski ya yi kuskuren tambayarsa, rabin kansa a aske, ya ɗaga hannu ya dakatar da injin.

"Ɗan'uwa, saurara ka ƙaru. A cikin kaset ɗin nan babu waƙa. Jahili ne yake zaton akwai waƙa. Abin da ke ciki jeri ne na umarni, wai buga nan, tsaya nan, ja nan. Sai kuma ɗan gutsuren sauti, gutsuren ganga, gutsuren sarewa, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Ni nake zaro jerin, in zaro gutsattsarin, in aurar da su a kwamfuta. A duk faɗin nahiyar nan mu biyu ne muka iya, ɗayan kuma ina jin ya rasu."

Mai aski ya ce Allah ya jiƙansa. Mutanen da ke layin aski suka tashi suka koma wani shagon.

Situdiyonsa kuwa, ka gani ka yi shiru. Sito ne na gidan yayansa, wanda kowa ke ce wa Yaya Babba, ɗan ɗaki ne da in ka miƙe hannu za ka taɓa bango biyu. Ya lilliƙe bangon da kwalin ƙwai, wani da sauran kashin kaji a jiki, wai yana tsare sauti. Ya sa jan ƙwan fitila a bakin ƙofa. In jar fitila ta kama, gidan ya shiga uku. Ba a tari. Ba a jan guga. Anti, matar Yaya Babba, da tafin ƙafa take sanɗa ta wuce da kwanuka. Jaririnta ya taɓa yin kuka, Darakta ya fito da ido ja ya tsaya a kansa ya ce, "Ba kukan ne ya dame ni ba, Anti. Muryar ce ba ta hau daidai ba."

Babban aikin rayuwarsa shi ne kiɗan wani gem na bunsuru mai tuƙa babur yana tsallake ramuka. Tun damina yake kansa. Bugun ganga guda ɗaya, tim, ya cinye masa kwana da kwanaki, ya saurara ya goge, ya saurara ya goge, ya fito tsakar gida yana riƙe da ƙugu yana kallon sama kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya shiga wani zaure a intanet na masu irin aikin, ya gaya musu sarewarsu duk ƙarya ce, suka kore shi. Ya buga hoton korar a takarda ya manna a bango. Wai shaida ce, manyan duniya sun ji tsoronsa.

Ana nan ana nan sai Anti ta sayo firiza, za ta fara sayar da ƙanƙara. Ƙatuwa, fara, kamar a kwanta a ciki. Babu inda za ta shiga sai sito, ga soket a can, ga inuwa. Aka ajiye ta a hanyar shiga gida, kowa ya wuce sai ya buge gwiwa, Yaya Babba ma ya buge tasa da safe, sai ya ƙwala kira.

"Kai Auta! Fito da tarkacenka, firiza za ta shiga."

Auta! A gaban mutane! Darakta ya fito a hankali, ya gyara abar wuyansa, ya dafa ƙirji.

"Yaya, ka san abin da kake faɗa kuwa? Tarihi za ka kora ka sa ƙanƙara? Kiɗan nan da nake haɗawa, duk wanda ya buga gem ɗin nan yana yaro, da ya ji sautin farko hawaye zai zubo masa. Ba roƙonsa za a yi ba. Da kansa zai zubo."

Yaya Babba yana murza gwiwa ya ce to shi ke nan, a kira su. Akwai waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a shagon gem na wani tsoho a bakin titi, suna nan da ransu, sun yi gemu. A tara su a kunna musu. In mutum ɗaya ya gane kiɗan, ɗaki na Darakta ne har abada. In ba haka ba, firiza.

Mai hankali ai godiya zai yi ya koma ciki. Amma Kunnen Zinare ba irin mu ba ne.

"Ɗaya? Yaya, ka raina ni. Duka! In ɗaya ya kasa ganewa, da hannuna zan tura firizar."

Anti ta ce Allah ya kai mu, ta je ta fara goge firizarta da tsumma.

Ranar kuwa, wayyo, da kun ga Darakta! Kwat ya sa, rana tana dukan ƙeya. Ya fesa turare har kajin maƙwabta suna atishawa. Ya fito da sifikoki tsakar gida ya ɗora su a kan bokitai, ya jera kujeru. Baƙi suka iso, Direba da ƙaton tumbinsa, Tela da tef a wuya, Mahauci ko wanka bai tsaya yi ba. 'Yan layi muka cika katanga. Darakta ya sa kowa ya kashe waya. Ya sa Direba ya tofar da cingam, wai tauna tana toshe kunne. Sannan ya hau kan benci.

"'Yan'uwana, abokan gwagwarmaya! Ku tuna shagon tsoho. Ku tuna yadda muke zama a gaban talabijin ɗin nan, kiɗa yana ratsa mu har ɓargo. Ni da nake zakaran shagon, ni da na kai bunsuru ƙarshen hanya ba sau ɗaya ba, ban taɓa manta sauti ko ɗaya ba. Yau zan mayar muku da ƙuruciyarku. Wanda ya ji kuka ya zo masa kada ya ji kunya. Anti, a kawo tawul."

Ya danna.

Tilili tilili tim, tilili tim! Gaskiya kiɗa ya fito tsaf, ba ƙura ba tsatsa. Darakta ya rufe ido, yana kaɗa hannu sama kamar mai korar ƙuda a hankali, leɓensa yana rawa. Shi kam hawayen ya zo masa. Ya buɗe ido ɗaya don ya ga ambaliya.

Tela yana laluben aljihu. "Wayar wa ke ƙara? Ai an ce a kashe."

Mahauci ya ce, "Kamar na motar mai sayar da askirim."

Darakta ya ƙara sauti. Ya mayar farko. Ya matso da sifika har kusa da kunnen Direba. Direba ya saurara iya saurare, bawan Allah, ya karkata kai, ya ciji leɓe, sannan ya ce, "Tsaya tukuna. Wai gem ɗin bunsuru dama yana da kiɗa ne?"

Darakta ya juyo ya zare masa ido.

"Ai talabijin ɗin tsoho ba ya magana," in ji Tela. "Tun kafin mu fara zuwa sifikarsa ta ƙone. Hoto kawai."

"Da baki muke yin kiɗanmu," in ji Mahauci. Sai ya juyo ya ƙura wa Darakta ido, sama da ƙasa. "Kai kuma zakaran shago, a wane benci kake zama? Ni fa ban tuna fuskarka ba."

Darakta ya gyara kwat. Ya ce wai shi da sassafe yake zuwa, kafin jama'a.

Yaya Babba dariya ta kusa kayar da shi daga kujera. "Wane sassafe? Mama ba ta barinsa ya tsallaka titi! A kan tagar ɗakinta yake ɗarewa yana hango ƙeyarku."

Shi ke nan, wuri ya ɓarke. Direba ya miƙe ya kama hannun babur na iska, ya ce vuuum vuuum, Tela ya ce toing duk lokacin tsalle, Mahauci ya ce meeee ya faɗi ƙasa wai bunsuru ya afka rami. Manyan mutane fa, masu 'ya'ya! Suna tafawa, suna tuna wanda yake cinye layi, wanda uwarsa ta zo ta ja shi da kunne, suna dariya har da riƙe ciki. 'Yan katanga muka kama musu amshi. Jariri ma ya shiga. Kiɗan Darakta yana ta tilili a gefe shi kaɗai, har Direba ya waiwayo ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ɗan rage wannan abin, muna tuna baya."

Ya rage.

Alƙawari kuwa an cika shi. Darakta ya tuɓe kwat, ya fito da kwamfuta da wayoyi a cikin bahon wanki, ya sa kafaɗa a jikin firiza. Yana turawa yana jawabi, numfashi sama-sama.

"Dama ɗakin ya yi mini kaɗan. Sautina ya girmi bangon nan. Na daɗe ina shirin komawa fili. Manya duk a fili suke aiki yanzu."

Baƙi suka kama masa, vuuum vuuum, firiza ta shige ta zauna daram a tsakiyar kwalin ƙwai kamar don ita aka lilliƙa. Anti ta yi bismillah ta jona.

Firiza ta yi ɗan tari, ta girgiza, sai ta kama, zuuuuuuu.

Direba ya daskare a bakin ƙofa. Ya ɗaga hannu. "Ku yi shiru. Ku yi shiru, don Allah!"

Tela ya dafa bango. Mahauci ya cire hula.

"Ita ce," in ji Direba. "Wallahi ita ce. Haka talabijin ɗin tsoho yake yi in ya ɗauki zafi. Wannan ƙarar kaɗai gare shi."

Sai ga hawaye shar shar a kan tumbi. Duka ukun, ba wanda aka roƙa. Suka durƙusa gaban firiza kafaɗa da kafaɗa suna sheshsheƙa, Mahauci yana shafa murfinta yana cewa Allah ya jiƙan tsoho.

Darakta yana tsaye a rana da baho a hannu. Tela ya leƙo, ido jajir, ya ce, "Anti, Allah ya yi miki albarka, kin dawo mana da ƙuruciya. Kai Auta, matsa daga nan, wayoyinka suna ƙara, ba ma ji sosai."